Yadda ake sa kek ɗin fondan ya yi kama da tsohon abu: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa za a ɓata fondan mai santsi (kwaɓin sukarin da ake shimfiɗawa a lulluɓe kek da shi) da gangan?

Ba ɓatawa ba ce, wani salon ado ne. Ana so kek ya fito kamar katakon da ya sha rana, ko bangon da fentinsa ya tsattsage, ko ƙarfen da ya yi tsatsa. A ganina ya fi santsi wuyar samu, don idan hannu ya yi nauyi, kek ɗin zai yi kama da mai datti, ba mai tsufa ba.

To ina bambancin tsufa da datti?

A wurin da launin ya zauna. Ɗauki duk wani tsohon abu ki duba shi da kyau. Duhu yana taruwa ne a cikin tsaga da lungu, inda hannu ba ya kaiwa. Gefe da kusurwa kuwa, inda ake yawan taɓawa, su ne suke koɗewa su yi haske. Shekaru ba sa shafa abu bai ɗaya. Wannan ita ce dabarar gaba ɗaya, sauran duk aikin hannu ne. Shi ya sa ake fara yin zane ko tsaga a jikin fondan, sannan a shafa launin ruwan ƙasa da aka tsinka, a bar shi ya gangara cikin ramukan, kana a goge saman da soso mai ɗan danshi tun bai bushe ba. Abin da ya maƙale a cikin tsagar shi ne tsufan. Wadda ta shafe kek ɗin duka da launi ɗaya ta bar shi haka, ita ce za ta ga ya yi dauɗa.

Yaya ake samun tsagewar nan irin ta busasshiyar ƙasa?

Sai saman fondan ya bushe, cikinsa yana da taushi. Ki murza shi da ɗan kauri, ki bar shi a buɗe har samansa ya yi ɓawo, ko ki bi ta kansa da ƙaramin abin hura wutar gas na kicin har ya ɗan yi kumfa-kumfa, ki jira ya huce sarai. Da kin sake murza shi zuwa kaurin milimita 3 ko 4, cikin zai miƙe, ɓawon kuwa ya kasa binsa ya tsattsage. Idan kika shimfiɗa farin fondan siriri a kan mai duhu kafin ki fara, duhun zai riƙa leƙowa ta cikin tsagar. Ki lulluɓe kek ɗin nan take, kada ya ƙara bushewa ya kakkarye.

Katako da dutse fa?

Na katako, a murɗa fondan ruwan ƙasa kala biyu ko uku tare ba tare da sun haɗe ba, a murza, a ja layuka da tsinke ko bayan wuƙa. Na dutse, a cukuikuye takardar foyil a danna a kai.

Da me zan tsinka launin?

Ruwa yana narkar da sukari, fondan ya yi yauƙi, don haka kaɗan ƙwarai ake sawa. Da yawa suna amfani da abin da ke da sinadarin barasa saboda yana saurin bushewa. Wadda ba ta son wannan tana iya kwaɓa hodar launi da narkakken man cakulan, ko ta shafa hodar a bushe da burushi mai laushi. Hodar cakulan da ɗan garin kirfa suna ba da launin tsatsa mai kyau, ga ƙamshi. Sai dai ki karanta jikin kwalba: hodar ƙyalli da aka rubuta ba ta da guba ba lallai ta zama ta ci ba, sai wadda aka ce ana cinta.

Na gama, na sa a firji, launin ya zuba. Me ya faru?

Gumi ne. Kek mai sanyi idan ya fito cikin iska mai ɗumi, raɓa takan sauka a kansa ta jiƙa launin. In dole ne ya shiga firji, ki sa shi a cikin kwali rufe, ki bar shi a ciki bayan kin fito da shi har sanyin ya sake shi. Idan kuma ya riga ya yi gumin, kada ki taɓa shi da yatsa, ki kunna masa fanka ya bushe da kansa.