Zaɓuɓɓukan umarni na daidaitawa a Podman

Zaɓuɓɓukan daidaitawa su ne waɗanda ake ƙara wa manhajar kula da kwantena (keɓaɓɓen wuri a cikin kwamfuta da manhaja ke gudana tare da duk abin da take buƙata) don sikirif (jerin umarni da kwamfuta ke bi da kanta) ɗin da aka rubuta wa wata manhajar ya gudana ba tare da an taɓa shi ba. Inda aka fi ganin haka shi ne tsakanin Podman da Docker, manhajoji biyu na kula da kwantena.

Tarihi

Docker ya fito a Maris 2013 daga kamfanin dotCloud, kuma cikin 'yan shekaru mutane sun rubuta sikirif ba adadi da umarninsa. A 2015 aka kafa ƙungiyar OCI (Open Container Initiative) ƙarƙashin gidauniyar Linux Foundation, ta tsara yadda hoton kwantena (kunshin fayilolin da ake tayar da kwantena daga gare shi) zai kasance da yadda za a tayar da shi, amma ba ta tsara kalmomin da mutum zai buga ba, sai na Docker suka zama abin bi. Podman ya faro wajen 2017 cikin aikin CRI-O, wata manhajar tayar da kwantena, da sunan kpod, sigarsa ta 1.0 ta fito a farkon 2019, shekarar da kamfanin Red Hat ya saki RHEL 8, sigar Linux ɗinsa, ba Docker a ciki. To a nan fa aka shiga matsala, domin sikirif ba ya tunani, da zarar Podman ya ga zaɓin da bai sani ba sai ya tsaya da lambar kuskure 125, komai ya tsaya cak ko da zaɓin ba shi da wani amfani a wurinsa.

Sai masu gina Podman suka sa ya riƙa karɓar irin waɗannan zaɓuɓɓuka. --disable-content-trust, zaɓin tsaro na Docker da ya shafi tantance hoto, yana nan a podman pull amma ba ya yin komai. Haka --compress a podman build, tunda Docker yana matse fayiloli kafin ya tura wa manhajarsa mai gudana a bayan fage, Podman kuwa ba shi da ita. Aiki ne marar armashi amma shi ya sa alias docker=podman, umarnin da ke sa Podman ya gudana idan an buga docker, ya zama abin dogaro.

Saɓani

Wasu na ganin yin shiru a kan zaɓin tsaro yaudara ce, ya kamata a fitar da gargaɗi. Wasu sun ce gargaɗin kansa kan rikita sikirif.

Amfani a yau

Ɗalibi a Kaduna da ya kwafo umarnin Docker daga intanet zai iya buga shi a Fedora, wani nau'in Linux, da Podman, yawanci ya wuce lafiya. nerdctl, wata manhajar kula da kwantena, ita ma umarnin Docker take kwaikwayo.