Ruwan da ake watsawa a tsakar gida ne ke karya mana tsofaffi

Jama'ar Sakkwato, assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma na gaji da ganin ana sauko da tsofaffi daga Keke Napep a tallabe, ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ba sa iya taka ta. In ka tambaya, amsar ba ta canzawa: "Inna ta fito alwalar asuba ne, santsi ya kwashe ta." To wa ya zuba ruwan? Sai kowa ya sunkuyar da kai.

Ruwan wanke-wanke, ruwan wanki mai kumfar omo, ruwan da aka yi wa yaro wanka, duk a tsakar gida ake sheƙa su. Rariya na nan taku biyar, amma ƙiwa ta hana a ƙarasa. Da can daɓen ƙasa ne, yana shanyewa. Yanzu daga Mabera har Arkilla kowa ya shafe gida da siminti ko ya shimfiɗa tayil mai sheƙi, har cikin makewayi, amma hannun bai daina watsa ruwa ba. Haba jama'a! Tayil ba ya shan ruwa. Da damina kuma gansakuka ta kama bakin rariya da gindin randa, ta yi kore shar, a yi ta tsallake ta kamar ba a gani.

Ke mai shekara 25, in kika zame za ki tashi ki kakkaɓe zane. Surukarki mai shekara 70 ƙashinta ya yi rauni, faɗuwa ɗaya ta isa ta karya mata ƙugu. Daga nan sai kwanciya, sai gyambo a baya, sai ciwon ƙirji, macen da ke zuwa kasuwa da ƙafarta ta koma sai an juya ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki.

Na san aiki ya yi muku yawa, 'yan uwana mata. Ga girki, ga yara, ga ruwan ma sai an saya wurin 'yan garuwa. Allah ya saka muku. Amma kai ruwa bakin rariya da bin wurin da tsintsiya ba ya cin minti biyu. Ku kuma maigida, ba ku tsira ba: kuna da kuɗin tayil, ba ku da na gyaran magudanar da ta toshe? Sai Baba ya faɗi a ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma ruwan nan hannu ne ya zuba shi.

Ga sauran a gurguje:
- A kankare gansakuka, a share ruwa nan take, musamman wurin alwala.
- A kafa ƙarfen riƙewa a bangon makewayi, a ajiye kujerar zama don wanka.
- Tocila a gefen shimfiɗar tsoho kullum, tunda wuta ba tabbas.
- Turmi, buta, murhu da wayar caji, a kawar da su daga hanya kafin magariba. Lokacin zafi da ake kwana waje, a bar hanyar wucewa tsakanin tabarmi.
- Silifas ɗin da ya suɗe a yar da shi.
- Mai jin jiri in ya miƙe, ko mai shan maganin hawan jini, ya ɗan zauna bakin gado kafin ya tashi, kuma ya gaya wa likita. A duba masa ido ma, ko yanar ido ce.

In kuma an faɗi, don Allah kada a ja ƙafar, kada a ce targaɗe ne a yi ta murzawa da man zafi har mako ya wuce. Wanda ya kasa taka ƙafa, ko kansa ya bugu yana amai ko magagi, a kai shi asibiti a ranar. Akwai Asibitin Ƙashi na Wamakko, akwai Asibitin Ƙwararru, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A ɗauki hoton ƙashin tukuna kafin kowa ya yi maganar ɗori.