Idan kuka ji an kashe tashar nukiliya saboda yoyon ruwa

Jama'ar Nima, Mamobi da Madina, tunda Ghana na shirin gina tashar lantarki ta nukiliya, har an ware Nsuban a Yankin Yamma, gara mu fahimci wannan batu kafin jita-jitar WhatsApp ta riga mu.

A irin tashar da ta fi yawa a duniya, ruwa ne ke zagaya makamashin yureniyom yana kwashe zafi. Zafinsa ya haura digiri 300, amma ba ya tafasa, domin an matse shi kusan ninki 150 na matsin iskar waje. Da irin wannan matsi, 'yar tsaga a walda ko bawul da ya ƙi rufuwa ya isa ruwa ya fara tsartuwa. Ma'aikata kan gane yoyo ta ramin tara ruwa da ke ƙasan ginin, da na'urorin auna gurɓatar iska, da farin gishirin boron, sinadarin da ake narkawa a ruwan, da ke bushewa a jikin ƙarfe. A Amurka, yoyon da ba a gano tushensa ba, in ya wuce galan 1 a minti, kusan lita 4, ko a shawo kansa cikin 'yan sa'o'i ko a tsayar da tashar. In jikin bututun ne ya tsage, ko ɗigo ba a lamunta.

Kashewar ba ta da wuya. Sandunan da ke tsayar da aikin suna rataye ne da maganaɗisun lantarki. Da an yanke wuta sai su faɗa tsakanin makamashin da nauyinsu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Don haka jin an kashe tasha ba ya nufin bala'i ya auku, tsaro ne ya yi aikinsa.

Abin tsoron yana bayan kashewa. Kamar garwashi bayan harshen wuta ya mutu, makamashin yana ci gaba da fitar da zafi, da farko kusan kashi 6 cikin 100 na zafinsa, sannan ya riƙa raguwa, kuma kwanaki ake yi ana sanyaya shi. A tashar Fukushima ta Japan, a 2011, injinan sun kashe kansu lafiya, sai igiyar ruwa ta cinye janaretocin da ke tuƙa famfo, makamashi ya narke. Tambayar da ta dace ke nan: famfunan sanyaya suna aiki?

Injin nukiliyar da ke Kwabenya a Accra kuwa, ƙaramin injin bincike ne, ba ya aiki da wannan matsin.

In hukuma ta yi shelar gaggawa, ku shiga ɗaki, ku rufe tagogi, ku kunna rediyo. Kada a sha ƙwayar aidin, wadda ke kare ƙullun wuya (thyroid) daga aidin mai guba, sai jami'an lafiya sun ce a sha, kuma gishirin miya ba ya maye gurbinta.