Ina ɗaliba za ta aje goyonta in ta shiga amfi? Tambayoyi da amsoshi kan rainon yara a jami'a

Duk mai bi ta Haro Banda, unguwar jami'a a Yamai, da safe ya saba ganinsu, mace da jakar takardu a kafaɗa, goyo a baya, tana sauri kar malam ya riga ta shiga amfi, babban ɗakin karatu. Tun 1971 aka aza tubalin jami'ar da yanzu ake kira Abdou Moumouni, lokacin mata ba su da yawa a ciki, yau ko matan aure da masu shayarwa suna ko'ina, ga malamai mata ga ma'aikatan biro. Ga tambayoyin da aka fi yi kan batun samar da wurin rainon yara cikin jami'a.

Wai mi ne ne bambancin kiresh da garderi da jardan? Ni duk ɗaya nike ganinsu.

Ba ɗaya ba ne. Kiresh na jarirai ne, daga 'yan watanni har wajen shekara 3, aikin can raino ne zalla: ciyarwa, wanka, canza kush, barci. Garderi wurin ajiya ne na 'yan awoyi, ka kai ka dawo ka ɗauka. Jardan shi lakwal ne ƙarami, yaro ya shiga wajen shekara 3 ko 4 ya yi wasa da waƙa da zane har ya isa shiga CI. Dokar ilimi ta Nijar ta 1998, wadda ake kira LOSEN, ta sa jardan cikin ilimin tushe, shi ya sa za ka ga na gwamnati, na kuɗi, har da na al'umma a ƙauyuka. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasa da shekara 3, don mai goyon wata 5 ba jardan take nema ba, hannu take nema da zai riƙe mata ɗa daga ƙarfe 8 zuwa azahar.

To ba ga wuraren aje yara nan cikin gari ba, mi ya sa sai a jami'a?

Saboda gada. Jami'a tana ƙetaren kogi, ɗalibai da yawa kuma suna Talladje, Banifandu, Bukoki, Lazare. Ki lissafa, ki tashi asuba ki shirya yaro, ki tsaya bakin titi jiran taksi ko faba-faba, ki sauka ki aje shi, ki sake neman wata mota, sannan ki faɗa cunkoson gadar Kennedy, kafin ki kai malam ya yi nisa kuma wani in ya rufe ƙofa shi ke nan. Kuɗin mota ya ninka. In an kira ki an ce jikin yaro ya yi zafi, kafin ki ƙetaro ki iso hankalinki ya gama tashi.

Ga kuma lokaci. Wurin raino na cikin gari da ma'aikacin gwamnati ya yi lissafi, mai shiga da fita kan ƙa'ida. Karatun jami'a ba haka yake ba, yau kur da safe, gobe sai la'asar, jibi a sa tede, wato darasin gwaji na rukuni-rukuni, ranar Asabar don malam zai yi tafiya. 'Yan fakulten likitanci kuma ga estaj ga kwanan gard a asibitin Lamorde. Wurin da bai san wannan tsarin ba ba zai yi wa ɗaliba amfani ba ko da kyauta ne.

Da can ai kaka da ƙanne ke raino, yanzu mi ya canza?

Kaka na nan, amma tana Illela ko Madawa ko Dogonduci. Yarinya ta yi aure an kawo ta Yamai, daga ita sai mijinta a ɗaki ciki da falo na haya. Sai a aika gida a turo ƙanwa ko ɗiyar wa ta zo raino, kuma mu faɗi gaskiya, sau da yawa yarinyar 'yar shekara 10 ce ko 12 wadda ita ma kamata ya yi tana aji. Ke kina neman lisans, ita an cire ta daga CM1 don ki samu. Wannan ni yana ci mini rai fiye da komi a maganar nan, kuma ba a cika faɗinsa ba don abin cikin gida ne. Masu hali suna ɗaukar 'yar aiki, amma ranar da ta ce za ta gida salla ko biki, ranar karatu ya tsaya.

Maganar nono fa? Ba za a iya ba shi madarar gwangwani ko koko kafin in dawo ba?

Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba shi, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Nan ne kusanci ke da rana, in ɗakin raino na cikin jami'a, tsakanin kur da kur ki taka ki shayar ki koma. Ana iya tatsa a aje, a ɗaki mai sanyi yana kai awa 4, a firijo kwana 4, amma wancan lissafin na ɗakin da bai wuce digiri 25 ba ne, mu ko a Afrilu da Mayu sama da 40 muke sha, in wuta ta ɗauke firijon ma ya zama akwati. Madarar gwangwani ga tsada, ga bibiro in ba a tafasa shi da kyau ba sai zawo.

Mi doka ta ba ma'aikaciya, mi ta ba ɗaliba?

Ma'aikaciya tana da konje na haihuwa sati 14, in ta dawo kuma dokar ƙwadago ta ba ta har awa guda a rana don shayarwa. Sai dai awa guda mi za ta yi wa wadda ɗanta ke unguwar Aeropor ita tana Haro Banda? A hanya za ta ƙare. Ɗaliba kuma ba ma'aikaciya ba ce, dokar ƙwadago ba ta shafe ta ba, kalandar egizame ba ta san wankan jego ba. In kin haihu sati biyu kafin jarabawa, ko ki ɗaure ciki ki zo ko ki jira ratarapaj. Abin da ya fi, tun ciki na wata 6 ko 7 ki je wajen shugaban departama da delege na ajinku ki sanar, ki riƙe takardar likita a hannu.

Wa zai biya? Burs ɗin da ba ta isa haya ba?

Mai kuɗi da marar kuɗi ba za su biya daidai ba, in an yi haka wurin zai koma na 'ya'yan malamai kawai. Abin da hankali zai ɗauka, jami'a ta ba da ɗaki da wuta da ruwa, malami da babban ma'aikaci su biya cikakke, mai shara da mai gadi da ɗaliba su biya kaɗan, a kuma bar ƙofa ga mai son rabin yini ko kwana 3 a sati don ba kullum ake da kur ba. CROU, hukumar hidimar ɗalibai, ita ke riƙe da resto da site, wato ɗakunan kwana, da motocin ɗalibai, to raino ma hidimar ɗalibi ce, gidansa ke nan. UENUN, ƙungiyar ɗalibai, da SNECS, ƙungiyar malaman jami'a, sun iya zama da hukuma kan burs da albashi, wannan ma su sa shi a takardar buƙatu. A garin Tawa ma haka, jami'ar Djibo Hamani ba gada a gabanta amma ɗalibanta su ma suna haihuwa. Kuma maza ku daina kallon abin kamar na mata ne, ɗalibin da matarsa ke aiki ko ita ma take karatu shi ma ɗansa ne.

In na samu wuri, a jami'a ko kusa da ita, mi zan duba kafin in bar ɗana?

Kar fentin bango da hoton zomo su ruɗe ki. Je ki ba tare da sanarwa ba, wajen ƙarfe 11 lokacin da yunwa da barci ke haɗuwa, ki tsaya ki ƙirga yara ki ƙirga manya. A Faransa ƙa'idar kiresh babba 1 ga jarirai 5 da ba su fara tafiya ba, 1 ga 8 masu tafiya. In kin ga mace guda da jarirai 15 kin san wani zai yi kuka har ya gaji. Ki leƙa inda ake canza kush, akwai buta da sabulu kusa ko sai an fita tsakar gida? Kowane yaro da kofinsa ko moɗa guda ke zagayawa? Akwai sange kan katifun barci, akwai inuwa a waje, mi suke yi in wuta ta ɗauke da tsakar rana? Ki kula da yadda mai raino ke ɗaga yaro, da hannu biyu ko ta fizgo shi ta dantse guda.

In ba su tambaye ki karne na rigakafi ba, to ba su tambayi sauran ba, kuma inda yara sunka taru ƙyanda ba ta jira. Allurar wata 9 kar ta wuce shi. Da damina ki tambaya ko masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin sauro na yara 'yan wata 3 zuwa 59 suna biyowa ta nan ko sai a gida. Sannan a rubuta sunan wanda ke da izinin ɗaukar yaro, ba kowane mai kabu-kabu da ya ce an aiko shi ba.

Ni so nike ya fara Faransanci tun yana ƙarami, laifi ne?

Ba laifi, amma ɗan shekara 2 ba darasi yake buƙata ba, magana yake buƙata, a kira sunansa, a amsa masa in ya yi gwaranci, a yi masa tatsuniya da waƙar tashi. Mai rainon da ke hira da shi da Hausa ko Zabarmanci mai daɗi ta fi wadda ke jefa masa "asi" da "silans" yini guda. Tun 2025 ma kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki. A jardan sai a shigo da Faransanci ta waƙa da wasa. In kin ga an zaunar da 'yan shekara 3 kan benci awa biyu da allo suna kwafar a b c har da dibuwar zuwa gida, ki nemi wani wuri.