Annoba da Sauyin Ayyukan Yi a Ƙasashe Masu Tasowa

Annoba takan sauya yadda ake aiki ta hanya biyu: ko ta rage yawan masu ƙwadago har lada ta yi tsada, ko ta hana mutane haɗuwa wuri ɗaya, sai masu masana'antu su nemi na'urar da za ta yi aikin hannu. A ƙasashe masu tasowa, inda ƙwadago ke da arha kuma jari ke da wuya, hanya ta biyu ba ta cika tafiya yadda take a Turai da Amurka ba.

Tarihi

Baƙar annobar da ta ratsa Turai da Gabas ta Tsakiya wajen 1347 zuwa 1351 ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, wasu ma sun ce rabi. A Ingila ladan manoma ya tashi, har aka kafa doka a 1351 don a danne shi. A Masar kuwa abin ya juye: mutuwar manoma ta sa aka kasa gyara magudanan ban-ruwa na kogin Nilu, noma ya ja baya na tsawon lokaci. Cuta ɗaya ce, amma tsarin mallakar ƙasa ya raba sakamakon.

Murar 1918 zuwa 1919, wadda Hausawa suka sani da marisuwa, ta hallaka fiye da mutum miliyan 12 a Indiya, a Najeriya kuma ana ƙiyasta kusan rabin miliyan. Masanin tarihi Don Ohadike ya nuna cewa ƙarancin hannu bayanta ya taimaka wajen yaɗuwar noman rogo a ƙasan kogin Neja, domin rogo bai kai doya neman wahala ba. Wannan misali ya cancanci a tsaya a kansa: talaka bai sayi injin ba, sai ya sauya abin da yake shukawa.

Korona

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris, 2020. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce sa'o'in aikin da aka yi asara a shekarar sun kai na cikakkun ayyuka miliyan 255. Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu neman na yau da gobe: 'yan tireda, leburori, direbobi. A Indiya dokar kulle ta zo da sanarwar awa huɗu kacal, ma'aikatan cin rani suka kama hanyar ƙauyukansu a ƙafa. A Bangaladash kamfanonin Turai da Amurka sun soke odar tufafi ta kusan dala biliyan 3, a masana'antar da ke ciyar da ma'aikata kusan miliyan 4, yawancinsu mata. A Najeriya rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020.

Na'urori

A 2021 an girka mutum-mutumin masana'antu sama da 500,000 a duniya, fiye da rabinsu a Sin. Afirka ta samu kaɗan ƙwarai. Sauyin da ta gani ya bi ta wayar hannu: a 2020 Kenya ta cire na ɗan lokaci kuɗin tura ƙananan kuɗaɗe ta M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, Togo kuma ta raba wa mabuƙata tallafin kuɗi mai suna Novissi ta waya.

Saɓani

Masana ba su daidaita ba kan ko mayar da masana'antu kusa da gida a ƙasashe masu arziki zai rage odar da ake ba ƙasashe masu arhar ƙwadago.