Waiwaye: Toja, gundumar da barewa ta riƙe mutane ƙarni da ƙarni

Duk wanda ya buɗe taswirar Rasha ya gangaro kudancin Saiberiya wajen iyakar Mongoliya zai ga Jamhuriyar Tuba, to can arewa maso gabashinta akwai gundumar Toja, su a yarensu kozhuun suke ce wa gunduma. Faɗinta ya kai kilomita murabba'i 44,800, kusan jihar Kaduna kenan fa, amma mutanen ciki duka-duka ba su kai dubu goma ba, hedikwatar ma Toora-Khem ƙauye ce in ka duba da kyau. Daji ne da duwatsu da tafkuna da kogin Bii-Khem wanda shi ne babban reshen kogin Yenisei.

Asalin mutanen wajen ba shanu ko tumaki suke kiwo ba kamar sauran Tubawa na fili, wata barewa ce ta ƙasar ƙanƙara mai ƙaho rassa-rassa, kuma abin burgewa ba don yanka suke ajiye ta ba, hawanta suke yi su ɗora mata kaya su tatsi nononta, nama kuwa sai dai a shiga daji farauta. Wannan rayuwar ai dole mutane su warwatsu, barewa ba ta zama waje ɗaya, inda abincinta yake nan ake bi.

Tun zamanin daular Qing ta Sin haraji ake karɓa a hannunsu, ba kuɗi ba, fatun wata ƴar dabbar daji mai laushin gashi da Rashawa ke kira sobol. Daular ta ruguje a 1911, Rasha ta sa yankin ƙarƙashin kariyarta a 1914, sai 1921 Tuba ta zama ƙasa wai mai cin gashin kanta, amma kowa ya san Mosko ce ke juya akalar, har dai a 1944 aka haɗe ta da Tarayyar Sobiyet. Daga nan fa lissafi ya canja, aka tattara makiyaya aka zaunar da su a ƙauyuka irin su Adyr-Kezhig da Iy, garkuna suka koma na gonakin gwamnati, makiyayi ya zama ma'aikaci mai jiran albashi, yara kuma aka kwashe su makarantun kwana. Wasu danginsu suka tsallaka Mongoliya, su ne ake kira Dukha yanzu.

A ganina babbar ɓarnar ba a lokacin aka gan ta ba, sai da Sobiyet ta watse a 1991, gonakin suka mutu, albashi ya tsaya, babu likitan dabbobi babu magani, garkunan suka zube ƙasa warwas, ga shi an riga an raba matasa da sana'ar iyayensu.

Gandun dajin Azas da aka killace a 1985 yana nan. Sai kuma ma'adinai, kamfanin Longxing na ƴan Sin ya buɗe mahaƙar Kyzyl-Tashtyg inda ake tono tutiya da dalma da tagulla, manyan motoci na ta jigila, ƴan tsirarun da suka rage da barewarsu kuma suna can saman duwatsu suna neman makiyayar da ƙarar injin ba ta kai ba.