Jar fitilar mai a gaban direba: a auna kafin a ce na'ura ce ta lalace

A aikina na malamin gona ina yawan shiga motocin manoma da na 'yan gwari masu jigila tsakanin Hunƙuyi, Giwa, Soba da kasuwannin Zariya, kuma akwai abin da nake gani a allon gaban direba wanda yake hana ni sakat. Jar fitila ce mai siffar 'yar buta da ɗigo a bakinta, tana ci tun daga tashi har sauka, direba kuwa ko kallonta ba ya yi. Idan na tambaya, amsar kusan ɗaya ce: "Malam, ai oyil suwic ne ya lalace, bakanikena ya ce ba komai." Wasu sun liƙe wurin da baƙin salatif don kada hasken ya dame su da dare, wasu kuma an cire musu wayar gaba ɗaya. Mai yiwuwa ne bakaniken ya yi gaskiya, domin oyil suwic, wato 'yar na'urar da ke kunna fitilar idan ƙarfin turin baƙin mai a inji ya yi ƙasa, tana lalacewa sosai. Matsalar ita ce babu direban da zai iya tabbatar da hakan daga kan kujerarsa, kuma babu bakaniken da zai tabbatar da ido ko da kunne kawai.

Baƙin mai yana zaune ne a kasko a ƙarƙashin inji. Da zarar an tayar da mota, famfon mai zai zuƙo shi ta wata rariya, ya tura shi ta cikin filta, sannan ya bi ta ƙananan hanyoyi zuwa kiranshaf (sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji) da metal (siraran ƙarafan da sandar ke juyawa a kansu) da sauran sassan da ke juyawa. Ƙarfin wannan turi ne yake sa wata siririyar shimfiɗar mai ta tsaya tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ta yadda ba za su gogi juna ba ko da suna juyawa sau dubu biyu ko uku a minti ɗaya. Na'urar da muke magana a kanta an ɗaura ta ne a jikin inji, galibi kusa da filta, kuma a cikinta akwai wani tantani da turin mai yake dannawa. Lafiyayyen inji da ya yi zafi yana kan tafiya yakan ba da turi na kimanin bar 2 zuwa 4 (bar ma'aunin ƙarfin turi ne), amma a yawancin motoci fitilar ba ta kamawa sai turin ya faɗo zuwa wajen rabin bar ko ƙasa da haka. Ma'ana, idan har da gaske take, to lamarin ya riga ya yi nisa kafin ta kama, kuma inji da ke gudu babu isasshen turin mai yana iya bugawa cikin 'yan mintuna.

Mutane da yawa sun ɗauka fitilar tana nuna yawan man da ke cikin kasko ne, shi ya sa suke zaro geji, wato tsinken auna yawan mai, su ga man a cike, su ci gaba da tafiya hankali kwance. Turi take aunawa, kuma kasko yana iya zama cike alhali man ba ya isa inda ake buƙatarsa. Famfo yana tsufa. Rariya tana toshewa da daskararren datti idan an daɗe ba a yi juye ba, ko an saba zuba man da ake sayarwa a buɗaɗɗiyar jarka a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba. Metal ɗin da ya cinye yana barin mai ya zurare ta gefe. Fetur ko dizal da ke zuba cikin kasko yana tsinka mai. Duk waɗannan suna kunna fitila daidai yadda lalatacciyar na'ura take kunna ta, babu wani bambanci a launi ko a haske. Musamman ina jan hankalin waɗanda fitilarsu ke ƙyaftawa idan mota tana silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, a cunkoson Kwangila ko PZ a zafin watan Maris da Afrilu, sannan ta mutu da zarar sun taka totur. Sau da yawa wannan alama ce ta turi na gaskiya da ya yi rauni, domin mai mai zafi ya fi tsinkewa, kuma famfo ya fi rauni a lokacin da inji ke juyawa a hankali.

Ita kanta na'urar hanyoyin lalacewarta uku ne. Takan kama wuta babu dalili, takan yi yoyon mai ta bakin da waya ke shiga idan tantanin ya fashe, takan kuma mutu shiru ta daina kunna fitila ko da mai ya ƙare. Wannan na ƙarshen ya fi haɗari, amma gwajinsa ba ya cin ko sisi. Idan ka murɗa makulli wuta ta kawo kafin ka tayar da inji, dole fitilar mai ta kama, sannan ta mutu cikin 'yan daƙiƙu bayan inji ya tashi. Idan ba ta kama ba tun farko, to ko na'urar, ko wayarta, ko ƙwan fitilar, ɗaya ya sami matsala, kuma kana tuƙi ne babu mai gargaɗinka.

Na taɓa raka wani manomi da ya yi lodin kwandunan tumatir a a-kori-kura zai kai Kaduna. An cire masa wayar na'urar makonni kafin nan saboda fitilar tana damunsa. Ba mu kai Jaji ba muka fara jin ƙara kamar ana buga guduma a ƙasan inji, kafin ya sami wurin tsayawa inji ya ƙame. Daga baya aka gano rariyar famfo ce ta toshe, wato tun farko fitilar gaskiya take faɗa. Tumatir ya yini a rana, aka sayar da abin da ya saura a wulaƙance, shi kuma sai da ya sayar da buhunan masara kafin ya iya sayen wani inji ɗan Beljiyam. Abin ya tsaya mini a rai, domin na san irin wahalar da ya sha a fadama kafin ya ga wannan amfani. Kuma mun yi sa'a ne a kan dukiya abin ya tsaya. Idan inji ya mutu ana cikin gudu, sitiyari yana yin nauyi, birki ma yana ƙara tauri bayan taka ɗaya ko biyu, ga manyan motoci a baya. Sai mutum ya tuna da motocin haya da ke ɗauko marasa lafiya da masu naƙuda daga ƙauyuka zuwa asibitin Shika cikin dare.

Don haka idan fitilar ta kama kana cikin tafiya, ka nemi wuri mai aminci ka sauka daga titi, ka kashe inji nan take, kada ka ce bari in ƙarasa Ɗanmagaji ko in kai gareji tunda ya kusa. Ka jira kamar minti biyar mai ya koma kasko, mota tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, ka zaro geji ka goge, ka mayar, ka sake zarowa, ka ga ko man yana tsakanin alamomi biyun. Ka leƙa ƙarƙashin mota da jikin na'urar ko akwai yoyo. Idan mai ya yi ƙasa, ka ƙara irin wanda littafin motar ya ambata, ko 5W-30 ne ko 20W-50, sannan ka tayar ka lura na 'yan daƙiƙu. Idan fitilar ta ƙi mutuwa, ko ka ji wata baƙuwar ƙara, ka kashe ka nemi janwe ko ka kira bakanike ya same ka a wurin. Kuɗin janwe yana da zafi, amma bai kama ƙafar kuɗin gyaran kiranshaf ba.

Ga 'yan'uwana kanikawa na Sabon Gari, Tudun Wada da Samaru, roƙona shi ne ku mallaki gejin auna turin mai na hannu. Aikin ba shi da wuya: a kwance na'urar, a ɗaura gejin a raminta, a bar inji ya yi zafi sosai, a karanta a silo, a sake karantawa an ɗan taka totur, a kwatanta da ma'aunin da kamfanin motar ya bayar. Idan turi ya cika, to na'ura ce ko wayarta, sai a sauya. Idan bai cika ba, sabuwar na'ura ba za ta gyara komai ba, sai an sauke kasko an duba rariya da famfo da metal. A motocin da ake jona wa kwamfuta, lambobin matsala da kwamfutar ke nunawa daga P0520 zuwa P0523 suna nuni ga na'urar da wayoyinta, P0524 kuma tana nufin turi ya yi ƙasa, amma kwamfutar abin da na'urar ta gaya mata take maimaitawa, saboda haka ba ta ɗauke buƙatar gejin hannu ba. Wajen ɗaura sabuwa a yi hattara da matsewa fiye da kima, domin zaren yana iya lalacewa, musamman a jikin inji na alminiyam.

Wannan bayani ya shafi tarakta da manyan janareto na dizal, domin su ma irin wannan na'ura ce a jikinsu, kuma ƙungiyoyin manoma da ke haɗa kuɗi su yi hayar tarakta a farkon damina ya kamata su duba kafin a shiga gona. Haka nan wanda zai sayi mota ta hannu, kafin ya saurari sautin inji ko ya fara ciniki, ya murɗa makulli ya tsaya ya ga ko 'yar butar ta kama, sannan ya tayar ya ga ko ta mutu, ya kuma sake dubawa bayan ya zaga da motar ta yi zafi.